SSD ko HDD: Sabon lissafin da tsada ta ɗora wa masu gidajen gem daga Agiye zuwa Gidan Rumji

A ranar 3 ga Disamban 2025 kamfanin Micron na Amurka ya sanar da cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayan ajiyar bayanai masu tambarin Crucial, bayan shekara 29 yana kai su kasuwa. Sanarwar ta ce kayan za su ci gaba da fita har ƙarshen Fabrairun 2026, daga nan kamfanin zai mayar da hankali kan manyan masu sayen kayansa, wato cibiyoyin adana bayanai da ake ginawa domin ƙirƙirarriyar basira ta AI.

Tsakanin birnin Boise, inda hedikwatar Micron take, da garin Agiye na jihar Maraɗi akwai tafiya mai nisa. Amma matashin da ke tara kuɗi don ya haɗa kwamfutar wasa, da mai gidan gem da ke son ƙara na'ura kafin hutun Sallah, da ɗan ci-ranin da ƙanensa ya roƙa ya aiko masa da "disk", duk a kasuwa ɗaya suke sayayya da manyan kamfanonin duniya. Bambancin kawai shi ne su ne a ƙarshen layi.

Tambayar da aka daɗe ana yi ita ce wanne ya fi tsakanin SSD da HDD. A 2023 amsar ba ta da wuya, domin farashin SSD ya faɗi warwas. Yanzu farashin ya juya, kuma a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji akwai abubuwa uku da ke shiga lissafin waɗanda masu sharhi na Turai ba sa kawowa: ɗaukewar wuta, zafi, da kuɗin data.

Mene ne bambancinsu?

HDD faifai ne na ƙarfe ko gilashi da ke juyawa cikin akwati, sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai kai da kawowa a kansa yana rubutu da karatu ta hanyar maganaɗisu. Tsohuwar fasaha ce. Kamfanin IBM ne ya fito da na farko a 1956, mai girman babban kabad, wanda abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba.

SSD kuwa ba shi da abin da ke motsi. Bayanai na zama ne a cikin ƙwayoyin lantarki da ake kira NAND, irin waɗanda ke cikin wayar hannu da katin memori. Wani injiniya na kamfanin Toshiba, Fujio Masuoka, shi ya jagoranci ƙirƙiro su a Japan cikin shekarun 1980.

Wajen gudu ratar a bayyane take. HDD na laftof kan karanta kusan megabait 100 a daƙiƙa, na babbar kwamfuta kuma 150 zuwa 200 ko sama kaɗan. SSD mai mahaɗin SATA kan kai kusan 550. Nau'in NVMe, ɗan siririn nan mai kama da tsinken cingam, kan kai 3,500 a ramin PCIe 3.0, ya kai kusan 7,000 a PCIe 4.0.

Sai dai abin da mai wasa ya fi ji a jikinsa shi ne lokacin neman fayil. Kafin HDD ya kai hannunsa inda bayani yake, sai ya ci kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. SSD na yin haka da saurin da ya ninka wannan kusan sau ɗari. Wasa ɗaya na ɗauke da dubban ƙananan fayiloli na fuskokin 'yan wasa, da riguna, da filaye, da sauti. Wannan jiran ne ke taruwa ya zama dogon zama ana kallon allo kafin a take leda.

Abin da ya tayar da farashi

Kamfanonin da ke ƙera ƙwayoyin NAND ba su da yawa: Samsung da SK hynix na Koriya ta Kudu, Kioxia na Japan, Micron da Sandisk na Amurka, sai YMTC na Sin. Masu ƙera HDD uku kacal suka rage a duniya: Seagate, Western Digital da Toshiba. Duk wani suna da aka gani a jikin kwali a kasuwa, daga hannun waɗannan yake samun abin da ke ciki.

A 2023 kaya sun yi wa kasuwa yawa, farashi ya karye, kamfanonin suka tafka asara. A Afrilun shekarar Samsung ya sanar da rage yawan abin da yake ƙerawa, kamar yadda abokan gasarsa suka riga suka yi. Ba a jima ba sai guguwar AI ta taso da buƙatar da ba a shirya mata ba. Cibiyoyin bayanai suka yi ta sayen manyan HDD har odar ta riƙa ɗaukar watanni kafin ta iso, waɗanda suka gaji da jira suka koma sayen manyan SSD. Haka ƙwayoyin da a da ake zubawa a ƙananan SSD na gida suka samu mai biya da tsada.

A Oktoban 2025 kuma kamfanin OpenAI, mai manhajar ChatGPT, ya ƙulla yarjejeniya da Samsung da SK hynix kan samar masa da ƙwayoyin memori masu yawan gaske. Kafin shekarar ta ƙare farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, na SSD ya bi baya, masu HDD ma suka ƙara kuɗi.

An taɓa ganin irin haka a 2011, lokacin da ambaliya ta mamaye masana'antun HDD a Tailan, farashi ya kusan ninkawa cikin makonni. Wancan karon ruwa ya janye, masana'antu suka koma aiki. Wannan karon buƙata ce ta ƙaru, kuma gina sabuwar masana'antar ƙwayoyin lantarki aiki ne na shekaru. Saboda haka wanda ke jinkirta saye da fatan farashin 2023 zai dawo nan da wata biyu, zai iya daɗewa yana jira.

Hanyar da kaya ke bi kafin su iso

Gidan Rumji na yamma da birnin Maraɗi, Agiye da Gazawa na gabas, duka a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Mai neman kayan kwamfuta a waɗannan garuruwa Maraɗi yake fara dosa, ita kuma Maraɗi tun fil azal kasuwancinta a haɗe yake da Katsina da Kano ta mashigar Ɗan Isa da Jibiya. A Kano akwai titin Beirut da kasuwar Farm Centre, a bayansu kuma akwai Computer Village ta Ikeja a Legas.

Wannan sarƙa ta sha girgiza tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. An rufe iyakoki, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, ba ta ɗage ba sai 24 ga Fabrairun 2024. An sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na shekarar, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren iyaka da Benin, abin da ya karkatar da kayan da a da ke bi ta tashar Kwatano zuwa doguwar hanyar Lome da Burkina Faso.

Akwai kuma batun canji. Sefa a ɗaure take da yuro, a kan 655.957 duk yuro ɗaya, naira kuwa ta faɗi sosai bayan an sake ta a Yunin 2023. Hakan ya sa mai sefa ke ganin kamar komai ya yi araha a Kano. Ga kayan da ake yi a Najeriya haka ne. SSD da HDD kuwa da dala ake shigo da su, don haka ɗan kasuwar Kano na ɗaga farashinsa daidai da dala, ragin da mai sefa ke samu ba ya kai yadda yake tsammani.

Abin da duk wannan ke nufi shi ne tsadar da ta taso daga Koriya da Amurka na isowa Agiye da ƙarin kuɗin mota, da ribar hannu uku ko huɗu, kuma galibi babu takardar garanti da za a iya komawa da ita.

Abin da SSD ke gyarawa, da wanda ba ya gyarawa

Kuskuren da ya fi cin kuɗin matasa shi ne zaton SSD zai sa wasa ya daina sarƙewa. Yawan hotunan da allo ke nunawa a daƙiƙa aikin katin hoto ne da furosesa da RAM. Kwamfutar ofis mai raunin katin hoto ba za ta ɗauki sabon wasa ba ko da an saka mata SSD mafi tsada. Abin da SSD ke ragewa shi ne lokacin tashin Windows, da lokacin buɗe wasa, da tsaikon da ake gani a wasannin yawo cikin gari idan faifai ya kasa kawo gine-gine da motoci a kan lokaci.

Ga mai gidan gem da ke karɓar kuɗi a kan kowane wasa, wannan lokacin kuɗi ne. A ɗauka, a misali, kowane wasan ƙwallo na ɓata minti ɗaya na ƙarin jira, kuma na'ura ɗaya na ɗaukar wasa 40 a rana. Minti 40 ke nan, kusan wasa uku da ba a buga ba, injin janareto kuma na shan mai a duk tsawon lokacin. Ga mai karɓar kuɗi da awa, asarar ta fi faɗawa kan yaran da suka biya, su kuma ba sa daɗewa kafin su gano gidan da na'urarsa ta fi sauri.

Masu ƙera wasanni sun riga sun nuna inda suka dosa. PlayStation 4 da ya fito a Nuwamban 2013 da HDD mai gigabait 500 ya zo. PlayStation 5 na Nuwamban 2020 kuwa da SSD mai gigabait 825 ya zo, mai gudun gigabait 5.5 a daƙiƙa. A 2023 wasanni irin su Starfield, Baldur's Gate 3 da Alan Wake 2 sun saka SSD cikin mafi ƙarancin abin da ake buƙata a kwamfuta. Sabon zubin GTA V na kwamfuta da ya fito a Maris 2025 shi ma SSD yake nema, mai sararin gigabait 105.

Duk da haka HDD bai fita daga fili ba. Wasannin da suka fi jan yara, irin su PES da FIFA na shekarun baya da tsohon zubin GTA V, don HDD aka tsara su. EA Sports FC 26 da ya fito a Satumban 2025 har yanzu yana da zubin PlayStation 4.

Wani abu da ya faru a ƙarshen 2025 ya ƙara haska lamarin. Masu wasan Helldivers 2 sun rage girmansa a kwamfuta daga sama da gigabait 150 zuwa kusan 23, ta hanyar goge fayilolin da aka yi ta maimaitawa don kawai a sauƙaƙa wa hannun HDD nema. Da suka gwada, sai suka tarar jiran da ya ƙaru wa masu HDD 'yan daƙiƙoƙi ne. Darasin shi ne amfanin SSD ya danganta da wasan da ake bugawa, don haka kafin a fitar da kuɗi sai a fara rubuta sunayen wasannin da za a ɗora.

Haka nan ratar da ke tsakanin HDD da SSD na SATA babba ce, kowa zai gani. Ratar da ke tsakanin SATA da NVMe kuwa a takarda take da girma, amma wajen buɗe yawancin wasanni ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu. A lokacin tsada, wannan bayani kaɗai na iya ceton kuɗi masu kauri.

Wuta, zafi da ƙura

Garin Gazawa na da matsayi na musamman a taswirar lantarkin Nijar. Nan ne layin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ke sauka, kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A farkon Agustan 2023 Najeriya ta katse ta saboda takunkumi, ba ta dawo ba sai bayan an ɗage shi a 2024. A Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin arewacin Najeriya, har da Kano da Katsina, sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Layin Gazawa ba zai iya ba da abin da Katsina ba ta da shi ba.

Ɗaukewar wuta ba zato ba tsammani na cutar da nau'ukan biyu. A HDD, fayil ɗin da ake cikin rubutawa na iya lalacewa, kuma yawan tsayawa da tashi na gajiyar da injinsa. A SSD, akwai wani jadawali na ciki da ke nuna inda kowane bayani yake. Idan wuta ta yanke ana cikin sabunta shi, SSD mai arha na iya rikicewa har kwamfuta ta daina ganinsa gaba ɗaya. Manyan SSD na cibiyoyin bayanai na da 'yar ajiyar wuta a jikinsu da ke ba su damar kammala rubutu, amma na gida galibi ba su da ita.

Akwai bambanci ma wajen yadda suke mutuwa. HDD sau da yawa yakan yi gargaɗi da ƙara ko nauyin aiki, mai shi ya samu ya kwashe kayansa. SSD kan mutu farat ɗaya, kuma ciro bayanai daga cikinsa aiki ne mai wuya da tsada.

Saboda haka ga babbar kwamfuta ko PlayStation, na'urar riƙe wuta ta UPS, wadda a Nijar aka fi sani da sunanta na Faransanci onduleur, ta fi NVMe muhimmanci. Minti biyar da za ta bayar sun isa a kashe na'ura yadda ya kamata ko a tayar da janareto. Laftof mai lafiyayyen batir ya riga ya zo da wannan kariya a jikinsa.

Wajen zafi, watannin Afrilu da Mayu a jihar Maraɗi kan haura digiri 40 a inuwa, cikin shago mai rufin kwano kuma ya fi haka. Yawancin HDD an tsara su su yi aiki zuwa digiri 60, SSD zuwa 70. NVMe masu tsananin gudu sun fi ɗaukar zafi, kuma idan suka yi zafi da kansu suke rage gudu, wato a biya kuɗin gudun da ba za a samu ba. Ƙurar hunturu ba ta cika shiga cikin faifai ba, amma tana toshe fanka da ramukan iska, daga nan zafi ya hau. Busa ƙura duk bayan 'yan makonni kariya ce da ba ta cin ko dala.

Wajen girgiza kuwa SSD ya yi nasara ba gardama. Hannun HDD na shawagi a saman faifai da ratar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Teburin da ake bugawa idan an ci ƙwallo, ko laftof da ake ɗauka a babur yana kunne, ko janareto da ke jijjiga a gefen bango, duk suna rage masa kwana.

Akwai masu zaton SSD zai rage shan mai ko ya sauƙaƙa wa batirin sola. Bambancin wat kaɗan ne, alhali katin hoto matsakaici shi kaɗai na jan wat 75 ko fiye. A laftof za a ɗan ga ƙarin lokacin batir, a gidan gem kuwa ba abin lissafi ba ne.

Kuɗin data: dalilin da HDD ke da sauran aiki

Manyan wasannin yau kan kai gigabait 100. A intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa, sauke gigabait 100 na ɗaukar sama da awa 22 ba tare da yankewa ba. A megabit 5, kusan kwana biyu. Idan da datar waya ta Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms za a sauke, kuɗin na iya zama wani babban kaso na kuɗin faifan kansa. Shigowar Starlink Nijar a Maris 2025 ta buɗe wata ƙofa, amma kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin matasa, sai dai a yi karo-karo.

Kwafe gigabait 100 ɗin nan daga HDD na waje ta USB 3.0 kuwa kusan minti 17 ne idan yana ba da megabait 100 a daƙiƙa. Ko ta tsohon USB 2.0 ba zai wuce awa ɗaya da wani abu ba.

A Turai mai ƙaramin SSD na goge wasa ya sake saukewa duk lokacin da ya ga dama. A Agiye goge wasa asarar kuɗi ce. Manomin yankin ya san bambancin rumbu da ɗan buhun da ke ɗakin girki: ba a zuwa rumbu kullum, amma ba a zama babu shi. HDD shi ne rumbun, domin har yanzu kuɗin gigabait ɗaya a cikinsa ya fi na SSD sauƙi nesa ba kusa ba, musamman daga terabait 2 zuwa sama.

Manhajar Steam na ba da damar mayar da wasa daga wannan faifai zuwa wancan, kuma tun 2023 tana barin kwamfutocin da ke haɗe a gida ɗaya su kwafi wasa daga juna maimakon kowacce ta sauke nata. PlayStation 4 na karɓar faifan waje tun 2017. PlayStation 5 na barin a ajiye wasanninsa a faifan waje, amma ba a buga su daga can sai an mayar da su ciki. Wasannin da ake kwafowa a kasuwa ba tare da lasisi ba kuwa, ban da batun haƙƙin mallaka, sukan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke satar lambobin sirri.

Wani dalilin kuma shi ne ajiya ta dogon lokaci. Ƙa'idar da hukumar JEDEC ta gindaya wa SSD na gida ita ce, ko da ya cinye adadin rubutun da aka ƙayyade masa, ya riƙe bayanai shekara ɗaya a kashe a zafin digiri 30. Ƙarin zafi na rage wannan wa'adi. Sabon SSD na wuce haka sosai, amma tsohon SSD da aka jefa cikin akwati a ɗakin kwano ba wurin ajiye hotunan biki da takardun makaranta ba ne.

Araha ba ta ado

Duk lokacin da kaya suka yi tsada, jabu na yawaita. Akwai SSD da ake rubuta wa terabait 1 ko 2 alhali abin da ke ciki bai kai ko kusa ba. Kwamfuta za ta nuna babban adadin, kwafi zai yi kamar yana tafiya, sai daga baya a tarar fayilolin sun lalace. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, na cika faifai da bayanai ta sake karantawa don ta tabbatar da girmansa na gaskiya. Tana ɗaukar lokaci, amma ta fi dawowa daga Maraɗi da fanko.

Sai dai kada a zargi ɗan kasuwa a kan abin da ba laifinsa ba. Faifan gigabait 500 na gaskiya kan nuna kusan 465 a Windows, na terabait 1 ya nuna 931. Bambancin hanyar ƙirge ne kawai.

Ga kayan hannu, manhajar CrystalDiskInfo na nuna awannin da faifai ya yi yana aiki, da yawan abin da aka rubuta a SSD, da gurɓatattun wurare a HDD. HDD da ya fara nuna alamar rawaya ba abin saye ba ne ko nawa aka rage. Amma ita ma shaidar ana iya goge ta. A farkon 2025 kafar Heise ta Jamus ta bankaɗo yadda aka sayar da tsoffin HDD masu tambarin Seagate a matsayin sababbi bayan an share awanninsu, kamfanin kuma ya ce ba ta hannunsa suka fito ba. Idan hakan ta faru a Jamus, mai saye a Kano ko Maraɗi ya kamata ya nemi sharaɗin mayarwa na 'yan kwanaki kafin ya biya.

Tsoron cewa SSD na saurin ƙarewa da rubutu kuwa ya wuce gona da iri. Samsung 870 EVO mai gigabait 500, alal misali, an ƙayyade masa terabait 300 na rubutu. Wanda ke rubuta gigabait 50 kullum zai shafe sama da shekara 16 kafin ya kai nan, kuma wasa karatu ya fi yi a kan rubutu. Abin kula kawai shi ne a bar masa sarari, kada a cika shi maƙil.

Wani abin da zai shafi kasuwar hannu shi ne dakatar da tallafin Windows 10 da Microsoft ya yi a ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesan Intel da suka girmi zubi na 8, don haka ofisoshi a Turai da Amurka na sallamar tsoffin kwamfutoci, wasunsu kuma Afirka ta Yamma za su ƙare. Irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk na iya zama tushen kwamfutar wasa mai sauƙin kuɗi, amma da yawa daga waɗanda aka ƙera kafin 2016 ba su da ramin NVMe.

Ga masu aikowa daga waje

Ɗan ci-rani a Aljeriya, Libiya, Abijan, Faransa ko Amurka da ke son aiko wa ƙane ko abokin kasuwanci faifai, abu na farko shi ne ya nemi a turo masa cikakken sunan kwamfutar da hoton cikinta. Ramin M.2 iri biyu ne, akwai mai karɓar SATA, akwai mai karɓar NVMe, kuma a ido suna kama da juna. SSD na SATA mai inci 2.5 shi ne ya fi shiga ko'ina, daga tsohon laftof zuwa PlayStation 4, ko da yake a PlayStation 4 na asali mahaɗin ba ya barin sa ya nuna duk gudunsa. PlayStation 5 kuwa NVMe na PCIe 4.0 kaɗai yake karɓa.

Idan kayan za su biyo mota ta Agadas ko ta Kano, SSD ne ya fi jure hanya, kuma sayensa a shagon da ke ba da rasit na rage haɗarin jabu. HDD da UPS sun fi dacewa a turo kuɗinsu a saya a gida, inda za a gwada su a gaban mai shago.

Ina kuɗin ya kamata su tafi?

Ga mai kwamfuta ɗaya da ƙaramin jari, SSD na SATA mai gigabait 256 ko 500 daga sanannen kamfani ya isa ya ɗauki Windows da wasanni biyu ko uku da ake bugawa kullum. Tsohon HDD da aka ciro kada a sayar da shi, a saka shi a ɗan akwatin USB ya zama rumbu.

Ga mai gidan gem, ƙaramin SSD a kowace na'ura, da babban HDD guda ɗaya da ke riƙe kwafin dukkan wasanni, a ajiye shi nesa da teburin yara, ba a kunna shi sai za a kwafa. Abin da ya rage a saka a UPS da fanka kafin a yi maganar NVMe. Idan na'urorin PlayStation 4 ne kuma faifansu lafiya lau yake, babu gaggawar canzawa.

Wanda ke da sabuwar kwamfuta mai ramin NVMe kuma yana nufin sababbin wasanni, shi ne kaɗai ba shi da zaɓi sai SSD mai terabait 1 ko fiye. Ko shi ma PCIe 3.0 ko 4.0 ya ishe shi, kuma zai fi masa kyau ya raba farashin da yawan gigabait ya kwatanta shago da shago kafin ya saya.

Manyan kamfanonin ƙwayoyin lantarki sun nuna wanda suka fi so su sayar wa, kuma babu alamar matashin Gazawa ko Gidan Rumji zai hau gaban layi nan kusa. Abin da ke hannunsa shi ne ya sayi daidai girman da yake buƙata, ya gwada kafin ya biya, ya kuma kare abin da ya saya daga wutar da ke zuwa ta layin Katsina.